Garkar da Na Kai Baba

Shekara biyu bayan farin da ya cinye mana shanu, idanun Baba suka gama rufewa. Yanar ido ce. Ta fara da na hagu tun muna da garke, ta kama na dama lokacin da ba mu da komai sai awaki huɗu. In ka tsaya gabansa da rana tsaka yakan san akwai wani abu tsakaninsa da haske, iyakar ganinsa ke nan. Sauran duniya da hanci da kunne yake sanin ta. Yana zaune a ƙofar gidanmu na Gure sai ya ce raƙuman da suka wuce yanzu daga arewa suke, kuma sun sha ruwan kanwa jiya. In aka bi aka tambaya sai a tarar haka ne.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Haka ake yi a wurinmu. In yana nema na sai ya yi gyaran murya, ko ya ce "kai". Da na gama lakwal, wato makarantar boko, na samu aikin yi wa dabbobi allura, sai ya koma ce mini Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, rabi wasa rabi gaske. Cikin mutane Hausa muke yi da shi. In mu biyu ne kuma magana ta yi nauyi, sai ya koma harshenmu, Manganci.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin tafiyar da suka yi kudu da ragowar shanu a shekarar farin. Ya ce a bakin wata rijiya da ta ƙafe, gaba da Bune, sun tarar da wani tsoho zaune ƙarƙashin aduwa, da goran ruwa a gefensa. Mutanensa sun ce masa ya zauna nan, suna zuwa. Kwanansa biyu a wurin. Su Baba suka ƙara masa ruwa suka wuce, don ba su da ko jakin da zai ɗauke shi. Baba bai ce an yi daidai ba, bai ce an yi laifi ba. Ya ce dai tsohon bai roƙe su komai ba.

Likitan Damagaram ya duba idon ya ce sai Yamai, ya rubuta takarda. Na karanta ta, na san abin da ke ciki: aiki ne, da wuƙa. Na kuma san Baba. Ya sha ɗinke cikin saniya da hannunsa, amma ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba. Sai na ce masa wanke idon za a yi.

"Wanki kawai?"

"Wanki kawai, Baba. Da wani ruwan magani."

Inna tana tankaɗe a gefe. Ta ɗago ta dube ni, ta mai da kanta ga rariyarta.

Na sa aka ɗinka masa sabuwar riga shuɗiya, don kada ya shiga babban birni da tsohuwar. Ya daɗe yana shafa aikin wuyanta da yatsa, yana bin zaren. Ya ce tela ya iya.

Kwana uku muka yi a hanya cikin kamiyo, babbar motar kaya. Mun sauka wurin ɗan gwaggona, taubashina, wanda yake shofer, yana tuƙa mota a wata ma'aikata. Sa'ana ne, mai yawan dariya, kuma yana ƙaunar Baba. A gidan likita suka karɓi takardar suka ce mu dawo Talata da safe. Ranar Juma'a ce.

Baba ya shiga ɗaki ya zauna kan tabarma, bai ƙara fitowa ba sai don alwala. Gidan haya ne, mutanen cikinsa Zabarmanci suke yi, ba ya jin ko kalma ɗaya. Ya ce garin nan wari ɗaya ne ko'ina, na man mota da kwata, mutum ba ya gane gabas. Abinci kaɗan yake taɓawa. Ran Asabar sau uku ya tambaye ni ko motar Damagaram kullum take tashi. Na fara jin tsoro kada ya ce mu koma tun Talata ba ta zo ba.

Ran Lahadi bayan azahar taubashina ya shigo yana kaɗa makullin ɗaki.

"Kawu, za ka ruɓe a nan kamar albasa. Tashi mu kai ka jardan ka sha iska."

Baba ya juyo ta wajena. "Mene ne jardan?"

"Garka," na ce.

Ban yi tunani ba. Haka aka koya mana a lakwal, kalmar nan ta Faransanci garka take nufi, wato lambu. Na san inda taubashina yake nufi, don ya sha ba ni labarin gidan namun daji na birnin. Amma kalmar ta riga ta fita, kuma na ga abin da ta yi wa fuskar Baba.

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane ba. A wurinmu kana tafiya kan rairayi tun safe, ba inuwa, sai ka hau wani tudu ka ga ƙasa ta buɗe ƙarƙashinka, kwari ne kore shar. Ka gangara, sanyi ya tare ka. Dabino ne da goruba, da rogo, da rake, da rijiyar da za ka ɗebi ruwanta da igiya kamu biyu. Baba makiyayi ne, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma duk kwarin da ke tsakanin Gure da Gamu yana da aboki a ciki. Yakan kai musu nono su ba shi dabino.

"Ashe suna da garka a nan," in ji shi. Ya lalubo sabuwar rigar. "Rijiyarsu tana da zurfi?"

"Kusa da kogi ne, Baba. Ruwa ba wuya."

Rabon da in ga ya yi murmushi tun kafin mu bar gida.

A waje taubashina ya riƙe ciki yana dariya ba sauti.

"Garka ka ce? To, garka ce. Sai dai kabewar ciki tana cizo."

"Bari in koma in gaya masa."

"Bar shi, malamin allura. Kullum kuna cika mana baki da hancin Kawu. Yau mu gani."

Ba don maganarsa na yi shiru ba, kada in ɗora masa. Murmushin ne ban so in ɗauke ba. Na ce wa kaina in mun shiga zan faɗa masa a hankali.

Mun shiga da la'asar sakaliya. Hannun Baba na hagu yana kan kafaɗata, sandarsa a dama. Wurin cike yake da mutane, mata da yara da sojoji cikin kayan hutu.

"Kasuwa ake ci a garkar?"

"Lahadi ce, Kawu. Mutanen birni ba su da aikin yi."

Kusa da ƙofa akwai wani ɗan ɗaki mai duhu da aka jera akwatunan gilashi cike da ruwa. A nan na fara ganin kifi da rai. Wanda na sani shi ne busasshe, wanda ake kawowa daga tafkin Cadi cikin buhu. Wata tarwaɗa mai dogon gashin baki ta zo daidai fuskata ta tsaya, bakinta yana buɗewa yana rufewa. Ruwan yana tsaye gabana kamar bango, ya fi ni tsawo. Na ji ba na son tsayawa kusa da shi. Na kama hannun Baba na ɗora kan gilashin.

"Kifi ne a ciki, Baba, da ransu. Ruwa ne a bayan hannunka."

Ya bi gilashin da tafin hannu zuwa sama, ya dawo ƙasa.

"Wa ya tsai da ruwa a tsaye?"

"Mutanen kogi ne, Kawu, komai suna iyawa. In sa a soya maka ɗaya?"

"Uwarka ma ba ta ci ba, sai ni?"

Suka yi dariya su biyu. Amma ya janye hannunsa ya goge a wando, ba a rigar ba.

Daga nan muka iso wani babban kududdufi da aka kewaye da siminti. Baba ya tsaya ya shaƙi iska.

"Ruwan nan ya kwana. Ba a jan sa."

Bai rufe baki ba dorina ta ɗago kai ta huro ruwa ta hanci. Yara suka yi ihu. Na ji yatsunsa sun nutse cikin kafaɗata.

"Saniyar ruwa ce, Kawu."

"Wannan ba saniya ba ce."

Nan ne ya kamata in faɗa masa. Na buɗe baki ma. Sai wani tunani ya zo mini cewa in na ce garkar ba garka ba ce, abin da zai tambaya na gaba shi ne wankin. Baba ba mutumin da ake ruɗa sau biyu da hanya ɗaya ba ne. Saura kwana biyu. Na rufe bakina, na ja shi muka yi gaba.

Ya daina tambaya. Muna wuce wuri sai ya faɗi abin da ke ciki, da murya ƙasa ƙasa, kamar mai ƙirga. Barewa, fiye da ɗaya. Jimina. Biri. Taubashina yana ta tafa hannu yana cewa ya yarda, ya yarda. Can Baba ya ce, ba da kowa ba:

"Ban ji dabino ba. Ban ji jiƙaƙƙiyar ƙasa ba."



Taubashina ya hango wasu abokan aikinsa ya ce yana zuwa. Baba ya ce yana jin ƙishirwa, ƙafarsa kuma ta gaji. Akwai wani benci na siminti ƙarƙashin dogon yaro, a wani lungu. Gabansa, kamar taki goma, akwai keji babba na ƙarfe. Na leƙa ban ga komai a ciki ba sai wani rami a can baya. Akwai allo da rubutu, ban karanta ba. Mutane shida ko bakwai suna tsaye a wurin suna hira. Na zaunar da shi na ɗauki butarsa.

"Zauna nan, Baba. Ina zuwa."

Na yi shekaru ina juya waɗannan kalmomi. A lokacin ko kaɗan ban ji su ba.

Famfon yana can wajen ƙofa, da layin mutane. Ina tsaye na uku ko na huɗu sai zaki ya yi ruri.

Ban taɓa ji ba. A ƙasarmu zaki ya ƙare tun zamanin kakanni. Ba da kunne na fara jin sa ba, ta tafin ƙafa ya shigo ya hau har ƙirji. Butar ta faɗi daga hannuna. Ya sake yi, wani zakin ya amsa masa. Sai na ga kowa yana gudu, layin famfon ya watse, iyaye suna jan yara. Na ɗauka ɓallewa ya yi. Sai daga baya na lura ba guje masa suke yi ba, wurinsa suka nufa. Wani mutum ne ya fito yana tura burwati, wato baro, cike da jan nama, har da ƙafar jaki tana lilo a gefe. Lokacin ba su abinci ne ya yi, mutanen birni kuwa sun san lokacin.

Na juya in koma wurin Baba, na rasa hanya. Duk itatuwan iri ɗaya ne, duk lungunan iri ɗaya. Mutane suna bangaza ta suna wucewa. Na shiga nan na fito wurin birai, na koma na fito wurin kududdufin. Ina gudu ina cewa a raina mutumin nan bai san akwai keji ba. Bai san akwai ƙarfe ko ɗaya a wurin nan ba. Ni ne ya kamata in gaya masa, ban kuwa gaya masa ba.

Sai na ji wani kuka wanda shi kam na san shi tun ina yaro a ruga. Kura. Na bi sautin.

Lungun babu kowa, duk sun tafi kallon zaki. A cikin kejin da na ɗauka babu komai, kuraye uku ne suka fito daga ramin. Sun ji ƙanshin nama, suna kai da komo a bakin ƙarfen suna wannan kukan nasu mai kama da dariya. Warinsu ya cika wurin.

Bencin ba kowa. Rigar shuɗiya tana kai, an ninke ta tsaf. An ɗora hula a kanta, takalma a gefe, sandar kuma an kwantar da ita a kan rigar don kada iska ta ɗauka.

Na dubi cikin kejin. Ban san tsawon lokacin da na yi ina duba ƙasan kejin ba, ina neman abin da ba na son gani.

Ashe Baba yana can gefe, a ƙasa, nesa da bencin da taki biyar ko shida. Daga shi sai 'yar shara da wando. Ya tanƙwashe ƙafa, hannuwansa kan gwiwa, fuskarsa tana kallon inda kukan yake fitowa. Leɓunansa suna motsi.

"Baba."

Bai juyo ba. Ya ƙarasa abin da yake karantawa, sannan ya yi magana da Manganci, a hankali.

"Ka manta wani abu ne? Rigar tana can. Ban ɓata ta ba."

Na matso kusa da shi.

"Uku ne," ya ce. "Ɗaya tsohuwa ce. Tafi, iska tana kai musu warinka. Ban ce ka yi laifi ba."

Na durƙusa gabansa. Na kama hannuwansa, sanyi ƙalau. Na ce masa a kulle suke. Na ce ba garka ba ce, gida ne da gwamnati ta tara namun daji don mutane su zo kallo, kowace dabba tana cikin ɗakin ƙarfe. Na ce ruwa na je ɗebo masa. Ya saurara har na gama.

"Ina ruwan?"

Butar tana can bakin famfo inda ta faɗi.

"Ban ji sarƙa ba," ya ce. "Kurar gardawa da sarƙa take tafiya. Waɗannan a sake suke. Na ji mutane sun gudu."

"Kallon zaki suka tafi, Baba."

"Mutum yana gudu zuwa wurin zaki?"

Na gane babu maganar bakina da za ta ƙara shiga. Sai ya taɓa da kansa. Na ɗauko sandar na sa masa a hannu, na ɗaga shi. Na ce zan kai shi wurin ƙarfen. Bai ƙi ba, wannan ne ya fi tsorata ni. Ya biyo ni kamar wanda ya riga ya sallama, muna matsawa wajen warin taki ɗaya ɗaya. Na san akwai ƙarfe, ina ganin sa da idona, amma wanda ya tashi a ruga ba ya tunkarar kura da ƙafarsa.

Kafin kejin akwai wani ɗan shinge na bututun ƙarfe, iya ƙugu, don hana mutane matsawa. Na ɗora hannunsa a kai. Ya shafa.

"Wannan ko ɗan akuya ya tsallake."

"Akwai wani a gaba. Miƙa sandar."

Na riƙe wuyan hannunsa muka miƙa ta tare, ta bisa shingen. Bakin sandar ya bugi ƙarfe. Na ja hannunsa gefe, sandar ta bi sandunan kejin ɗaya bayan ɗaya tana ƙara. Ya ture hannuna ya ci gaba da kansa. Ya bi su zuwa dama har iyakar hannunsa, ya dawo hagu. Ya ɗaga sama yana neman inda suka ƙare, bai samu ba. Ya gwada faɗin tsakaninsu.

Sai ɗaya daga cikin kurayen ta cafke bakin sandar. Na ga jijiyoyin hannunsa sun miƙe. Ta ja, ya ja. Na rungume ƙugunsa ta baya don kada ta jawo shi kan shingen. Ina jin numfashinta. Can itacen ya tsage, ta tafi da guntun, mu biyu muka yi baya muka zube.

Mai gadi ya taho yana faɗa da Zabarmanci, yana nuna allo. Taubashina yana bayansa, ya taho da dariyarsa a baki. Da ya ga Baba zaune a ƙasa ba riga, ya ga rigar a ninke kan benci, dariyar ta tsaya. Ya ja mai gadin gefe ya ba shi haƙuri. Ya ɗauko rigar ya kawo da hannu biyu.

Baba ya sa ta a baibai. Taubashina ya gyara masa, bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya durƙusa ya sa masa takalma, ya ce bari ya nemo ruwa, ya tafi da sauri.

Muka zauna kan bencin. An kawo wa kurayen namansu, muna jin ƙashi yana fashewa. Baba yana shafa tsagaggen bakin sandar da babban yatsa. Ya juyar da fuskarsa daga wajena, shi da ba ya ganina.

"Me ya sa ba ka kira ni ba?" na ce.

"Na ce Mushe sau biyu. Wani ya amsa da yarensu ya wuce."

Da sunana na yanka ya kira, da na ji shi ko ina bakin ƙofa. Ko a wannan hali bai kira ba.

Sannan ya yi tambayar da nake gudu tun bakin kududdufi.

"Wankin nan na jibi. Irin garkar nan ne?"

Na faɗa masa duka. Na ce za su yi masa allura a gefen ido, su tsaga da ƙaramar wuƙa su cire yanar, su ɗinke. Zai kwanta kwanaki a rufe, ba zai motsa kai ba. Na ce da yawa suna gani bayan haka, da tabarau mai kauri, wasu kuma ba sa gani. Yana gyaɗa kai kamar ana gaya masa farashin gero.

"Da ka faɗa mini a Gure."

"Da ba ka zo ba, Baba."

"Wataƙila."

Washegari da hantsi ya naɗe tabarmarsa ya ce a kai shi otogar, wato tashar mota. Na roƙe shi. Taubashina ya roƙe shi, ya ce shi ya jawo, a yi masa duk hukuncin da aka ga dama amma a tsaya zuwa gobe. Ya fita ya zo da wani dattijo Ba'adare mai sai da goro a bakin titi, wanda aka yi wa aikin bara. Dattijon ya zauna ya ba da labarinsa tiryan tiryan, ya ce zafin bai kai na cire haƙori ba, yanzu har zare yake sa wa allura. Ya cire tabaransa ya sa a hannun Baba. Baba ya shafa kaurin gilashin, ya mayar masa da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara lafiya. Da baƙon ya tafi ya ce a kai shi otogar.

"Kwana ɗaya ne ya rage, Baba. Wuƙar ƙarama ce."

"Ba wuƙar ba ce."

"To mene ne?"

Ya lalubo sandarsa.

Taubashina ya ja ni waje. Idonsa ya yi ja.

"Ka ji, ba ya gani. Taksi inda muka ce nan zai tafi. Na san wani manjo, babban malamin jinya, a gidan likita, zai kwantar da shi yau. In aka yi masa allurar barci shi ke nan. Ran da ya buɗe ido ya ga innarka, zai yafe mana."

Ban ce masa a'a ba. Na tsaya ina tunani, kuma tunanin bai yi mini muni ba. Shekarun Baba ba su kai saba'in ba. Ƙarya ɗaya ce ta rage tsakaninsa da ganin jikokinsa.

Muka tsai da taksi. Taubashina ya shiga gaba, ni da Baba a baya, ƙunshinmu a kan cinya. Baba ya zauna a miƙe, sandar tsakanin gwiwoyinsa. Ya ɗan buɗe hanci yana shaƙar iskar taga, ko da yake na san ba ta gaya masa komai. Hannunsa yana kan gwiwata. Mai taksi ya tambaya ina za mu. Taubashina ya juyo yana dubana. Ya bar mini.

Ko likita na ce ko otogar, akwai abin da zan raba mutumin nan da shi.

"Otogar," na ce.

Taubashina ya juya ya dubi gaba. Hannun Baba bai motsa daga gwiwata ba.

Da muka isa Gure mutane suka cika gida suna yi mana barka da hanya. Inna ta kawo ruwa, ta tsaya tana duban idanunsa, farare kamar yadda suka tafi. Kafin in buɗe baki Baba ya ce likita ya duba, ya ce yanar ba ta nuna ba tukuna, sai ta ƙara shekara. Inna ta ce Allah ya kai mu. Maƙwabta suka ce amin.

Shekarar ta zo ta wuce, ba wanda ya tayar da maganar. Sau biyu na gwada, in mu kaɗai ne, sai ya tambaye ni labarin shanun da na yi wa allura a wannan mako. Ni nake kai shi masallaci ran Juma'a, hannunsa a kafaɗata, bai taɓa nuna mini wani canji ba.

Na daɗe ina ɗauka fushi ne, ko ya daina yarda da ni. Yanzu da na kai shekarunsa ina ganin kamar kunya ce. Ya zaci ɗansa ya kai shi ga kura, kuma ɗan ya san ya zata. Wataƙila bai so ya buɗe ido ya haɗa da nawa ba. Ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba. Ya yi shekara shida bayan tafiyar, ya rasu da damina, bai ƙara ganin komai ba.